Daddawa Mutanen Wane Gari Ne?

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ina gajiya, ina aikin kuza? Yaya Hajara da yara, yaya sanyin Jos? Mu nan sabon ƙauye muna lafiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Kada ka yi mamakin ganin rubutuna, ajin yaƙi da jahilci na shiga. Sai dai jiya mun yi sa-in-sa da malaminmu, wani baƙo da aka turo mana. Yana koya mana tushen kalma, ya rubuta "gungu" a allo, wato tsibiri, ya ce daga nan "Gungawa" ta fito. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Sai ya zarce, wai duk kalmar da ta ƙare da "awa" sunan mutanen wani wuri ne, kuma tunda dam ɗin Kainji ya shanye gungunmu, yanzu babu Gungawa, mu nemi wani suna.

Na miƙe na ce, "Malam, to daddawa mutanen wane gari ne?" Aji ya kwashe da dariya. Ya ce ko in ba shi haƙuri, ko kada ya sake ganina.

Yaya, haƙuri kam ba zan bayar ba, kuma gobe ni zan riga kowa zama a tabarmar aji. Kabarin Baba yana ƙarƙashin tafkin nan, ba zan zuba ido a nutsar da sunanmu kuma ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da Kawu Sale. In za ka aiko amsa, ka rubuta cikakken sunana, har da Bagunge, a bayan ambulan da manyan baƙaƙe, don malamin ne ke karɓo mana wasiƙu daga Yelwa.

Ƙanenka,
Audu Bagunge