Mijina Yana Ramewa, Ni Ake Kallo

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana, ko harafin farko kar ki saka, akwai 'yan unguwarmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, rubutun nan ma ina yi ne ina tsayawa in share ido.

Ni matar aure ce, muna zaune a Nassarawa GRA da maigidana da yaranmu uku. Ma'aikacin gwamnati ne, kuma mutum ne mai jiki tun asalinsa, irin waɗanda idan suka saka babbar riga sai ka ga ta zauna daram. Yana son abinci, baya ɓoyewa, in ya ji ƙamshin miyar kuka daga bakin get tun daga mota yake fara kirana. Ni kuma ba yabon kai ba na iya girki, kuma a hannun mahaifiyarsa na ƙarasa koyo. Dole in ba ku labarin Hajiya, don ita ce ciwon da yake cina. Mahaifinsu ya rasu suna ƙanana, hawan jini ne ya kayar da shi, ita ta riƙe su da sana'ar abinci a Kawaji, waina da safe, tuwo da yamma, ga aikin biki, har suka yi karatu suka zama mutane. Ni kuma na taso ba uwa. Ranar da aka kawo ni ta riƙe hannuna ta ce ta samu auta, kuma Auta take kirana, duk haihuwata ita ta zauna mini jego, in mun saɓa da ɗanta bayana take bi ko da ni ce da laifi. Ƙawayena har tsokanata suke yi wai ni ce 'yar gida, shi ne surukin.

Bara ya fara yawan ciwon kai, muka je asibiti aka ce jininsa ya hau. Likita ya ɗora shi kan magani, ya ce ya rage gishiri da maiƙo, ya riƙa tafiya da ƙafa, ƙibar ma ya rage ta amma a hankali. Da Hajiya ta ji sunan ciwon sai jikinta ya mutu, don ta san abin da ya yi mata a baya. Ta zaunar da shi a gabana ta sa ya yi mata alkawari ba zai taɓa wasa da maganin nan ba, ya yi.

Ana nan sai wani abokin aikinsa ya saka shi a wani guruf na rage ƙiba a waya. Mai guruf ɗin koci suke ce masa, wato mai horarwa, wani matashi ne mai daɗin baki, ba wanda ya taɓa ganinsa ido da ido, ba wanda ya san me ya karanta, sai dai bidiyo da hotunan mutane, ga su da tumbi, ga su kuma sun zama kamar samari. Da farko har murna na yi, don ya bar sukari a shayi ya bar lemon kwalba. Sai aka ce shinkafa guba ce. Sai tuwo, sai burodi, sai waina, har ayaba da kankana aka sallame su. Ya koma cin abinci sau ɗaya a rana, ƙwai da nama da kabeji, da safe kuma baƙin shayi da man shanu a ciki, abin da ko kallonsa ba na iya yi. Ya idar da sallar asuba ya fita zagaye titunan unguwa da gudu ba komai a cikinsa. Ni dai bi nake, abin da ya ce in dafa shi nake dafawa, amma dokar ba ta tsayawa wuri ɗaya, wannan satin gyaɗa magani ce, sati mai zuwa ita ce take toshe jijiya. Na taɓa ce masa wannan kocin naka ko shi ya san inda ya dosa kuwa, ya ce ilimi ne yake sabuntawa, ni ban gane ba.

Sai jiri ya fara. Ya miƙe daga kujera sai ya dafa bango. Ya rubuta a guruf, koci ya ce alama ce mai kyau, jiki ne yake wanke kansa, ya ƙara gishiri a ruwa ya sha. Gishiri fa, mutumin da likita ya ce ya rage! Da bakinsa ya faɗa mini wata mata ta rubuta cewa mijinta yana kwance a asibiti saboda wannan tsarin cin abincin, ba a jima ba aka goge maganar aka cire matar daga guruf ɗin, wai tana karya wa mutane gwiwa. Shi bai ga komai a ciki ba.

Ranar da na gane ya bar magani, ina gyara durowarsa na ga kwalin da muka saya ko buɗe shi ba a yi ba. Na tambaye shi, ya ce koci ya ce wanda yake kan tsari baya buƙatar ƙwaya, masu sayar da magani ne ba sa son mutane su warke. Ranar mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na tuna masa mahaifinsa, na tuna masa alkawari, na ce tunda ni ban isa ba zan je in faɗa wa wadda ta isa. Sai ya miƙe, idonsa ya kaɗa, ya ce, “Idan kika faɗa wa Hajiya ko wani nawa maganar tsarin nan ko ta magani, a bakin aurenki.” Mutumin da duk zamanmu ko da wasa bai taɓa ambaton saki ba. Bai ce ɗaya ba, bai ce uku ba, ya ɗauki makullin mota ya fita.

Daga nan ya shiga ramewa ba ƙaƙƙautawa. Ba irin ramar da take yi wa mutum kyau ba, wuya ya fito, ido ya faɗa, fata ta saki, tela ya rage masa kaya har ya gaji ya ce Alhaji sai dai a ɗinka sababbi. Shi in ya hau sikeli murna yake, ya ɗauki hoto ya tura guruf a yi ta yi masa tafi. Amma kun san garin nan, in namiji ya rame ba shi ake tambaya ba, matarsa ake kallo. A wajen wani suna yayarsa ta ja ni gefe ta ce, “Ke wai me kike ba ƙanina ne? Ko GRA ba a ɗora tukunya?” Na yi dariyar yaƙe na ce aiki ne ya yi masa yawa. Da farko cewa aka yi na zama 'yar gayu na bar kicin. Hajiya ta tare, ta ce Autarta ba ta barin miji da yunwa, kowa ya kama bakinsa. Da na ji an faɗa mini haka sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Amma uwa uwa ce. Sai ta fara aiko masa da abinci kullum a kuloli, ita da take fama da gwiwa ta koma tsugunno gaban murhu, tuwon dawa, miyar kuɓewa, dambu, duk abin da ta san yana so tun yana yaro. Shi kuma ko murfin baya ɗagawa. Ya ce a miƙa wa maigadinmu, wani dattijo ɗan Jigawa, bawan Allah yana ta sa albarka yana ta sheƙi. Ni nake wanke kulolin in mayar. To ku duba, a wajen Hajiya ɗanta yana cinye tuwonta tas, kula tana dawowa wayam, kuma yana ƙara lalacewa. Me za ta ce? Sai ta ce wannan ba yunwa ba ce, da hannu a ciki. Aka shiga kawo rubutu da hayaƙi da ruwan tofi. Rubutun kam yana sha, tunda ba sukari.

Ban san da ni ake ba sai wata Juma'a. Tun ina amarya duk Juma'a nake yi mata funkaso da miyar taushe in aika, har cewa take nawa ya fi nata. Ranar direban da na aika ya dawo da kwanon yadda na ɗaure shi, ko kullin ba a kwance ba, ya ce Hajiya ta ce ta ƙoshi. Na kira ta, ta amsa gaisuwata a taƙaice, kuma ta kira ni da sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinta har na manta. Daga baya na ji ta hana jikokinta na wajen yayarsa cin komai a gidana.

Na roƙe shi, wallahi na roƙe shi har da durƙuso. Na ce ka ga abin da ake ɗora mini, ka buɗe baki ka faɗa musu. Ya ce da wane ido zai kalli Hajiya ya ce mata tuwon da ta raine su da shi guba ne, kuma ya karya alkawarin magani? Ya ce in ƙara haƙuri, saura kaɗan ya kai kilon da koci ya yanka masa, ranar shi da kansa zai tara su ya yi bayani kowa ya ji kunya. Ya kai kilon, koci ya yanka masa wani. Kwanan baya ya yanke jiki ya faɗi a ofis, aka yayyafa masa ruwa, ya ce gajiya ce, ya hana a kai shi asibiti. Da na kai ƙaramar 'yata ganin likita na yi tambaya kamar maganar maƙwabciya ce, likitar ta ajiye biro ta ce in gaya wa maƙwabciyar tawa ta kawo mijinta yau ba gobe ba, barin maganin hawan jini farat ɗaya ba abin wasa ba ne. Na faɗa masa, ya ce dama haka za su ce.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto shi ne abin da ya faru ranar Asabar. Da la'asar Hajiya ta zo ba sanarwa, a adaidaita sahu, ita kaɗai. Na kawo ruwa ba ta kalle shi ba. Ta ce yara su fita waje. Ta ƙi zama a kujera, ta lallaɓa da gwiwar nan tata ta zauna a ƙasa a gabana, sai kawai na ji ta kama ƙafata. Matar da ta haifi mijina. Ta ce, “Ba faɗa na zo yi ba. Na binne ubansa, ba zan iya binne shi ba, shi kaɗai ne namiji a wajena. In wani laifi ya yi miki ki rama a kaina, in ni ce na yi miki ki yafe mini. Ki dubi Allah ki warware abin da kika ƙulla, ki bar mini ɗana.” Tana faɗa tana kuka, ni ma ina kuka ina janye ƙafata. Shi yana zaune a falon, yana jin komai. Na ɗago na kalle shi, na ce yau dai zai yi magana. Kansa yana ƙasa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne Hajiya ki tashi, ƙafarki za ta yi ciwo.

Na so in faɗa mata gaskiya, na tuna kalmar sakin nan na fasa. Ita kuma shirun nawa ta ɗauke shi amsa laifi. Da za ta tafi ta ce Juma'a mai zuwa za ta dawo da ƙaninta, kawun mijina, da Alƙur'ani, in dafa in rantse ban san abin da yake ramar da ɗanta ba, in na rantse ita ta wanke ni har abada kuma za ta nemi gafarata a gaban dangi. To ni na sani. Na san abin da yake ramar da shi, ni nake dafa masa ƙwan da kabejin. Ba zan dafa littafin Allah a kan ƙarya ba. In na ƙi dafawa kuma na tabbata mai asiri, ni da 'ya'yana mun shiga bakin duniya. In na faɗi gaskiya, ga abin da ya rataya mini a wuya. Bayan tafiyarta na ce masa ya janye kalmarsa ko ya je ya same ta kafin Juma'a, ya ce zai yi tunani, ya koma kan wayarsa.

Na san abin mamaki ne, shawarar waya ce ta rusa mini gida, ga ni kuma ina neman shawara a waya. Ba ni da inda zan kai ne, wadda nake kai wa kukana ita ce yanzu take tsorona. Don haka ina roƙo, wanda bai da sani a kan maganar sakin nan kar ya yanke mini hukunci da ka, ya yi mini addu'a kawai ya wadatar. Masu ilimin cikinku, in na faɗa don ceton ransa, auren ya tafi kenan? Akwai hanyar da zai janye abin da ya furta? Matan da suka daɗe a gidan miji, ku me za ku yi?

Ina son mijina, ban taɓa tunanin rayuwa a wani gida ba. Amma ina kallonsa yana dafa bango, ina kallon tsohuwar nan tana ƙarewa da baƙin ciki. In buɗe baki ranar Juma'a in fita daga gidan da mutuncina a idon Hajiya, shi kuma a kai shi asibiti ko da ƙarfi? Ko in riƙe aurena in yi shiru, ta ci gaba da kwana tana kai ƙarata wajen Allah a kan ina kashe mata ɗa?