Kajin Inna a Gidan Gajera

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce mai tarin yawa daga ƙanwarka, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya yaye maka ciwon bayan da ka ce yana damunka, ya raya mana yara, ya jiƙan Baba ya haskaka kabarinsa. Mu nan lafiya gwargwado. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da ta soma shafa man da ka aiko, ko da yake rabinsa ta rabar wa tsofaffin unguwa, ka san halinta. Yarana suna zuwa makaranta. Babban ya soma jin kansa namiji, ba a aikensa sai da lallashi, ƙaramar kuwa haƙoranta na gaba sun zube, ta daina dariya a gaban baƙi. Damina ta yi kyau, rufin ɗakin baya ne kawai yake yoyo.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Maganar ce ba ta waya ba. Kunnen Inna da ba ya jin kiran abinci, raɗa yake ji ta bayan bango, ni kuma idan na soma faɗa da baki kuka zai riga ni. Ƙanin direban motar wurin aikinmu zai taso wajenku gobe, shi zai kawo maka. Ka zauna kafin ka karanta, kuma don Allah ka kai ƙarshe kafin ka ɗauki waya.

Ba ka taɓa ganin wurin aikina ba, bari in kwatanta maka. Gonar kajin tana can bayan gonakin masara, inda hanya take ƙarewa. A watan nan aikin yamma nake yi, motar ma'aikata takan ɗauke mu bayan azahar. A bakin ƙofa kowa sai ya tuɓe kayan gidansa, ya yi wanka da sabulunsu mai warin asibiti, ya sa rigar aiki da takalmin roba, ya taka cikin ruwan magani, sannan a bar shi ya shiga. Ni a ɗakin ƙyanƙyasa nake. Ina haska ƙwai da fitila in ware mai rai da marar rai, ina duba zafin injin, idan 'yan tsaki sun fito mu jera su a kwali. Wurin da ɗumi, ga ƙarar injin da ke bin mutum har kan katifarsa. Wani lokaci ina riƙe da ƙwai a gaban fitila ina kallon ɗan abin yana motsi a ciki, sai in manta da ciwon ƙafata. Aikin da wahala, amma tun rasuwar mahaifin yaran nan shi ne rufin asirinmu, da shi muke ci, da shi suke karatu.

Akwai doka ɗaya da ta fi sauran zafi. Duk mai aiki a gonar ba a yarda ya ajiye tsuntsu a gidan da yake kwana ba, kaza ce, zabuwa ce, agwagwa ce ko tattabara, don kada ya ɗauko ciwo a jikinsa ya kai wa nasu. Kowa ya san dokar, kuma ba wanda ya taɓa zuwa dubawa. Kai kuma ka san kajin Inna. Ka san jar kazar nan mai faɗa, da gurgun zakaran da Baba ya ɗaure wa ƙafa da kara lokacin da keke ya taka shi. Har yau kowace tana da ɗan jan tsumma a ƙafa don kada a haɗa mata da na maƙwabta. Tun da Baba ya rasu da su take hira. Da safe ina kwance ina neman barci sai in ji tana ba su labarin wanda ya yi aure da wanda ya ƙi gaishe ta a hanya. Na sha cewa zan yi mata magana, in na fito na gan ta tsugune tana watsa musu dusa sai in fasa.

To, kwanakin baya ciwo ya shiga ɗaki ɗaya na manyan kajin gonar. Da safe aka ga suna gyangyaɗi, kafin mu masu yamma mu iso an soma kwashe su a baro. Yaya, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Rami aka haƙa da mota, aka zuba matattun da masu ran, aka rufe. Manaja ya tara mu a fili, fuskarsa ba annuri, ya ce ciwon nan ƙafar mutum ce ta kawo shi. Ya ce likitan dabbobi zai bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka samu da ko gashin tsuntsu a gidansa ya kama gabansa, kuma idan ciwon ya tsallaka sauran ɗakunan gonar ma rufe ta za a yi. Rabin garin nan daga gonar suke ci. A mota da muke dawowa har direba da ba ya rabo da rediyo ya kashe ta.

Washegari na sami Inna na faɗa mata komai, na ce a sayar ko a yanka, yau ɗin nan. Ta ce kajinta sun fi fararen nan namu lafiya, waɗanda ba su taɓa ganin rana ba sai ƙwan lantarki, kuma ita ba ta ci albashin kowa ba balle a kafa mata doka a tsakar gidan mijinta. Raina ya ɓaci, na ce mata to ta zaɓa, jikokinta ko zakara. Ta dube ni kawai, ta shige ɗaki. Da na dawo aiki na tarar da akurki wayam, an share shi tas, an barbaɗa toka, har kaskon ruwansu an kife. Na tambaye ta, ta ce ta yi maganin abin. Wallahi sanyin da na ji a raina ne ya hana ni in ƙara tambaya, na ɗauka kasuwa ta aika da su. Likitan ya zo da mutanensa, suka leƙa ko'ina har bayan randa, ya ce da kowane gida haka yake da bai sha wahala ba.

Kana tuna Gajera? Ƙawata ta makaranta, wadda muka laƙaba wa sunan saboda sai ta sunkuya take shiga ɗaki. Tare muke aiki, ita ce ma ta yi mini hanyar samunsa. Tana zaune a tsallaken rafi da surukarta, tsohuwar nan aminiyar Inna, mijinta kuma yana kwance tun da ya faɗo daga kan gini, ita ke riƙe da gidan. Shekaran jiya muna layin wanka a bakin ƙofar gona sai maigadi ya tare ta, ya ce an ce kada ta shiga. An sami kaji a gidanta da safen nan, a ƙarƙashin kwando a bayan ɗakin girki. Ta juyo ta dube ni, kallo ɗaya, ba fushi a ciki, ta koma ta zauna a kan dutse tana jiran motar da za ta mayar da masu aikin safe. Ni ban gane komai ba sai da wata a layi ta ce wai har da wani gurgun zakara, kowace da jan tsumma a ƙafa.

Ashe ranar da muka yi faɗan, ina fita aiki Inna ta zuba su a kwando, ta ɗora a ka, da gwiwar nan tata ta tsallaka rafi ta kai wa aminiyarta ajiya. Lissafinsu shi ne an riga an duba gidan Gajera. A tunaninsu likitan kamar masu allurar rigakafi yake, in sun shiga gida sun yi alama a bango ba sa dawowa. Ba su san ranar farko ya sami wani ɗaki a kulle ba, ya ce zai sake zuwa. Ita Gajera ba ta san da kajin ba sam, tsofaffin biyu sun ɓoye mata kamar yadda suka ɓoye mini. An kwashe su a buhu, an ɗebi jininsu za a gwada, sauran ba sai na faɗa maka ba. An dakatar da ita, yau da yamma Manaja zai yanke hukunci.

A aikin ranar har na saki kiret guda na ƙwai a ƙasa. Jiya da safe ban kwanta ba, na tafi gidanta. Na same ta tana wanke wa mijin kaya. Ta ce ta gane kajin tun ganin farko, wa zai manta gurgun zakaran Inna, amma da Manaja ya tambaye ta na waye sai ta ce na surukarta ne. Na ce zan je in faɗi gaskiya. Ta yi tsaki ta ce in daina hauka, a gidanta aka same su, ko na yi magana ita korarriya ce, sai dai in ƙara musu mutum na biyu. Ta ce gara ɗaya ta tsira, in ya so in riƙa sam mata abin cefane. Har dariya ta yi, ta ce dama ta gaji da sabulun nan mai sa ta ƙaiƙayi. Ni dai na kasa dariyar.

Maganarta da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta hana ni sakat. Mai yiwuwa in buɗe baki a kore mu duka, ban ceci kowa ba, na kuma cire abinci daga bakin 'ya'yana. Na juya abin ta kowace fuska. Amma Yaya, ba aikin kaɗai za ta rasa ba. A mota jiya ana ta cewa ai ita ce ta kashe kajin gona, wata har da cewa dama dogayen mutane ba su da kunya. Mai shagon bakin hanya ya hana 'yarta sabulu bashi. In aka rufe gonar nan, garin gaba ɗaya sunanta zai riƙa kira, 'ya'yanta su tashi da shi. Ni kuma ina zaune a kujerar da muka saba zama tare, na ɗora jakata a wurinta, ina jin su ina kallon masara ta taga. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa jin irinsa ba. Amma na gwada shirun na kwana biyu, na ga ba zan iya zama a cikinsa ba. Yau kafin in yi wanka in shiga, ofishin Manaja zan fara zuwa. Ko bai mayar da ita ba, a dai san ba ta san komai ba.

Abu biyu nake roƙonka. Na farko, in aikin ya tafi, ka yi magana da matarka ko za ku karɓi babban yaron nan ya ƙarasa makaranta a wajenku. Yana da ci, yana da taurin kai, amma ba ya ɗauke-ɗauke. Ni da ƙaramar da Inna ba za mu rasa yadda za mu yi ba. Na biyu, kada ka yi wa Inna faɗa. Na san ka, za ka ɗauki waya ka soma da cewa ai ka sha faɗa. Kada ka yi. Tun da labarin ya iso ta ba ta ci abin kirki ba. Da safe takan fito da kwanon dusa a hannu, ta tsaya tsakar gida, sai ta tuna ta mayar. Ni ma faɗan da na shirya mata ya bi ruwa.

Ban gaya mata shawarar da na yanke ba, amma ɗazu ina cikin rubutun nan na ji motsi a ƙofar gida. Na leƙa na gan ta ta yi wanka, ta sa kayanta na fita unguwa, tana zaune a kan benci da sandarta a jingine. Na tambaye ta ina zuwa da ranar nan. Ta ce motar ma'aikata take jira. Ta ce kanta ne ya ɗauki kwandon, don haka bakinta ne zai faɗa, ba za ta bar 'yar mutane ta ɗauki kayanta ba, ba kuma za ta bar ni in tsaya gaban Manaja ni kaɗai ba. Na ce ba lallai su saurare ta ba, ta ce ita ma ba lallai ta tashi daga ƙofarsu ba. Sai ta yi ƙasa da murya ta ce idan an gama magana, ko an kore ni ko ba a kore ni ba, in tambayar mata abu ɗaya, don ita kunya za ta ji. Wai tana so a nuna mata inda aka binne kajin nata.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce ina godiya da zanen da ta aiko. Ka gaida takwarar Inna, da Sarkin Rigima, da Auta da ban taɓa gani ba sai a hoto. Ka gaida Kawu idan ya leƙo ku, amma kada ka ba shi labarin nan tukuna. Yarana suna gaishe ku. Ka sa mu a addu'a, mu da Gajera da gidanta. Ga motar can tana hon, Inna ta riga ni fita.

Ƙanwarka mai ƙaunarka.