Tafkin da Malam Buba Ya Ƙi Cewa Nashi Ne

Rabah, watan Fabrairu, 2023

Ɗiyata Halimatu Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatun lauya kuma yana shiga. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya fara.

Kin ce in riƙa gaya miki gaskiyar abin da ke faruwa gida, tun da babanki, Malam Buba, ko rugarku ta kama da wuta lafiya lau zai ce miki. To ga ta. Kamfanin shinkafar da anka ba fili gabas da Tursa ya gina magudana, yana sako ruwan maganin feshi cikin tafkin da shanunku ke sha. Ruwan ya yi kore, shanu suna zawo. Ofishin da ya ba su izini bai tara kowa ya ji ta bakinsa ba, alhali ke kanki kin ce min doka ta ce a ji mutanen wuri kafin babban aiki irin wanga.

Mun samu lauya ɗan Wurno, Attahiru, wanda na koyar kafin ke. Ya shigar da ƙara da sunan babanki, yana roƙon a soke izinin, a rufe magudanar. Ya ce abu guda ke ba shi tsoro. Wasu alƙalai na ganin duk wanda ya ga ana ɓata ruwa ko ƙasa na iya kai ƙara, don abin na kowa ne. Wasu kuwa sai mutum ya nuna cutar da ta same shi shi kaɗai. Na ce mishi in cuta ce, ai tana rugar Buba kwance. Ki bincika min mi malamanku ke cewa a kai, zan karanta wa 'yan ajina. Sun fara son doka saboda ke, har Mairo ta ce alƙaliya za ta zama.

Matata Lami na gaishe ki. Ki riƙa cin abinci.

Malaminki,
Halliru Usaini

Rabah, watan Mayu, 2023

Ɗiyata,

Sallama da fatan alheri. Yaya jarrabawa, yaya ciwon idon da kika ce? Allah Shi sawwaƙe.

Takardarki ta iso, na kai wa Attahiru hukuncin da kika kwafo, ya ji daɗi ƙwarai. Amma ranar zaman kotu a Sakkwato ba ta zo mana yadda munka so ba.

Kafin mu shiga, Attahiru ya zauna da babanki ya roƙe shi ya faɗi asararsa ɗaya bayan ɗaya. Babanki ya yi murmushi ya ce Allah Ya kai mu. Ni da lauya munka ɗauka ya yarda.

Lauyan kamfani ya tashi, cikin ladabi, ya tambaye shi ko tafkin nashi ne. Babanki ya ce subhanallahi, ruwa na Allah ne, shi da jakin maƙwabci daidai suke a bakinsa. Ya tambaye shi shanu nawa sunka mutu. Ya sunkuyar da kai ya ce shi bai ƙidaya dabba gaban mutane, kakansa ma bai yi ba. Ya tambaye shi to mi ya same shi wanda bai samu sauran jama'a ba. Ya ce alhamdu lillahi, babu komai sai alheri. Alƙali da kansa ya sa tafinta ya maimaita tambayar da Fulatanci. Amsar ba ta sake ba.

Ɗiyata, ina zaune a baya, na san shanun da anka binne. Cikinsu har da farar saniyar da anka ba ki ranar sunanki. Babanki ya hana a gaya miki. Na ga ba daidai ba ne ki ji daga bakin 'yan kasuwa.

A mota na ce mishi, Ardo, ka kashe mu. Ya ce, Kaɗo ba ya jin kunyar kuka, shi ya sa anka ba ku boko. Duk motar munka yi dariya, shi ma ya yi.

Kada ki yi fushi da shi. Ki yi karatunki.

Malaminki,
Halliru

Rabah, watan Yuli, 2023

Ɗiyata Halimatu Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Lami da yara na gaishe ki.

An kori ƙarar. Alƙali ya ce bai ce kamfani na da gaskiya ba, bai ma duba izinin ba. Mai ƙara ne bai nuna abin da ya shafe shi ba, don haka ba shi da hurumin tsayawa gaban kotu. Magudanar na nan tana zuba.

Attahiru ya ce a ɗaukaka ƙara, yana ganin kotun sama za ta karkata ga masu cewa ruwan kowa, kowa na iya kare shi. Ke ma haka kika rubuto, kuma na yarda da ku. Sai dai ƙarar da sunan babanki take, ba a ɗaukaka ta sai da yardarsa. Na same shi har ruga. Ya ba ni nono, ya saurare ni har na gama. Ya ce an tsayar da shi sau ɗaya gaban jama'a don ya yi ƙorafin abin da Allah Ya karɓa, ba za a ƙara ba. Kuma shanun da sunka rage ba za su iya jiran alƙalai su daidaita tsakaninsu ba.

Na koma ranar Asabar da Attahiru, ko zai fi ni baki. Mun tarar sun tashi, sai turaku da toka. Shekara arba'in da wani abu danginku na wurin nan.

'Yan ajina sun tambaye ni wa ya ci. Na ce su buɗe littafi, na fita waje na ɗan tsaya.

Babanki ya bar miki saƙo wurin mai shayin bakin hanya. Ya ce ki riƙe karatunki, su lafiya lau suke. In an ba ku hutu kada ki sauka Tursa. Ki wuce Goronyo, ki tambaya a kasuwar Rimawa, wani zai san inda sunka yi.

Allah Shi yi miki albarka.

Malaminki,
Halliru Usaini