Furen Kuɓewar Baba Iliya

Laraba da dare, tsakiyar damina, Burumburum

Gwiwoyina ciwo suke, rigata ta sha laka, amma raina fes.

Da safe da ruwa ya ɗauke na faɗa gonar maƙwabcinmu Baba Iliya, ko izini ban nema ba. Wani furen kuɓewa na hango, rawaya, cikinsa ja, ɗigon ruwa ɗaya na lilo a bakinsa. Na kwanta rub da ciki da kyamarata, ina jiran iska ta lafa.

Sai na ji murya a kaina: "Kai! Me kake binne mini a gona?"

Baba ne, da fartanya a hannu. Ashe ya ɗauka asiri nake masa. Na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa hoton. A cikin ɗigon nan ga gonarsa a juye, har da ɗorawarsa.

Ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Tun ina yaro nake noman kuɓewa, 'ya'yan kawai nake dubawa. Ashe haka take?"

Ya ce in dawo jibi, wakensa ya kusa fure. Amma in yi sallama.