Tantabarun Tasnim

Fayyum, 9 ga Sha'aban

Zuwa ga ɗana Ramzi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da ƙaninka Midhat, Allah Ya sassauta muku zafin Kuwait. Nan kowa lafiya. Ƙafar babanku ta yi sauƙi, har masallaci yake takawa.

Matarka Hanan ta karanta mini saƙonka, inda ka ce a kai 'yarka Tasnim wurin likita a Alƙahira saboda malamarsu ta ce ba ta gane lissafi. Malamar ba ta yi ƙarya ba. Yarinyar tana rera ɗaya zuwa ashirin kamar waƙa, amma ka ce ta miƙo dabino uku sai ta cika hannu ta kawo. Watan jiya na ba ta zaitun biyar, na ba yayanta Ziyad biyar. Shi ya baza nasa a faranti, ita nata a dunƙule, ta dinga kuka wai an fi son shi. Na ƙirga a gabanta sau biyu, ba ta yarda ba. Shekarunta huɗu, Ramzi. Kai a shekarunta, in ka ƙirga, yatsa shida kake samu a hannu ɗaya.

Tun daga nan nake hawa soro da ita don ba wa tantabarunmu hatsi. Nakan sa ta nuna kowace da yatsa, kalma ɗaya tantabara ɗaya. Da farko takan ƙirga farar cikinsu sau biyu don ta fi son ta.

Ranar Juma'a kawunka Fathi ya zo, na yanka tantabaru biyu na cusa musu shinkafa, ban gaya wa kowa ba. Da la'asar ta hau ita kaɗai, ta daɗe, sannan ta sauko ta tsaya a kaina. Ta ce, "Kaka, jiya bakwai ne, yau biyar. Ina biyu?" Na ce ƙila sun tafi yawo. Ta leƙa tukunya, ta dube ni, ta ƙi cin abinci.

Don haka ba za mu je Alƙahira ba. Yarinyar da ta kama ni ba ta buƙatar likita.

Ka gaida Midhat da matarsa Suhair. Babanku da Hanan da Ziyad suna gaishe ka. Tasnim ba ta ba ni saƙo ba, don kwana uku ke nan ba ta yi mini magana.

Mahaifiyarka,
Nawal