Babo a Bakin Lungun Iska

Graz, Yuli 1987

Yaya Shefika,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Babo. Ba zan ja gaisuwa ba, don raina a ɓace yake.

Ɗan Nazifa, maƙwabciyarmu ta tsohuwar unguwa, ya zo nan aiki, ya ba ni labarin da ban ji daga bakinki ba. Wai kullum da rana tsaka ana ganin mahaifinmu zaune a bakin lungun nan mai gangarawa kogi, ba hula, riga a jiƙe. Cikin promaya, Yaya, iskar nan mai ratsawa da ta karkatar da bakin mai burodi. Lungun da marigayiya Mama ba ta barin mu tsaya ko ɗaure takalmi. Mai hankalinsa ba ya haka. Ko dai kansa ya fara taɓuwa kina ɓoye mini, ko ba ki ma san inda yake yini ba.

Na yi magana da wani gidan kula da tsofaffi a nan. Ƙarshen wata zan zo in tafi da shi.

Ƙanwarki,
Zumreta

Mostar

Ƙanwata Zumreta,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaida maigidanki da yara, Allah ya raya su. Direban bas ya kawo takardarki.

Ban ɓoye miki komai ba sai abin da ban tabbatar ba, kin san ina tsoron faɗin abin da idona bai gani ba. Babo yakan fita kafin azahar, ya ce masallaci, ba ya dawowa sai bayan la'asar. Limamin unguwar nan ya ce ya kwana biyu bai gan shi a sahu ba. In na kawo masa gahawa sai ya ce ya sha. Allah ya yafe mini, zuciyata ta kai ni kan Nazifa kanta, ko wurinta yake zuwa. Ta gama takaba tun bara, kuma ban ga abin da ya kai idonta kan rigarsa ba.

Zafin bana a unguwar benayen nan ba a magana. Tun da aka sare bishiyoyin bakin titi don ajiye motoci, kwalta kama takalmi take yi, bango kuma yana hura wuta har bayan magariba. Duk da haka ina rufe tagogi yadda Mama ta koya mana, ina sa masa singiletin ulu daga ciki. Ban yi sakaci da shi ba.

Ki dakata da maganar gidan tsofaffi. Zan bi shi, ko da yake bin sawun mahaifi ba abin da nake so a tambaye ni a kai ba ne gobe ƙiyama.

Ki huta lafiya,
Shefika

Graz

Yaya,

Ina gaisuwa. Nazifa? Matar da ba ta da haƙori ko na rantsuwa? In ma haka ne, ai wannan ya ƙara nuna kan ya taɓu. Ki tambaye shi sunayen jikokinsa, ki rubuto mini abin da ya ce, ba abin da kike so ya ce ba. Na riga na sayi tikiti.

Zumreta

Mostar

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na bi shi ranar Talata.

Kafin mu bar gindin beninmu na ga tsoho Hamdiya na hawa na biyu a bencinsa, can kusurwar da iska ba ta shiga, wuya naɗe da ƙyalle. Ya ɗaga wa Babo hannu, ya ce masa ya yi hankali da iska.

Babo ya hau bas ɗin da ya dace, ya sauka inda ya dace. Ya yi alwala a famfon tsohon masallacinmu, ya bi jam'i, ya fito ya cire singiletin da na sa masa ya cusa a aljihu, ya watsa wa rigarsa ruwa. Daga nan sai lungu. Gahawar kuwa a kantin mai gyaran agogo yake sha. Nazifa tana taga kawai, leƙe take. Na nemi gafarar Allah a kanta.

Yana ganina ya matsa, ya nuna mini dutsen kusa da shi. Na zauna, hannuna a kan kunne. Zumreta, kamar ba gari ɗaya muke ba. Inuwar ɓaure ta rufe wurin, iska tana tasowa daga kan kogin Neretva da sanyinta. Rabona da jan numfashi har ciki tun shigowar zafin nan.

Na tambaye shi sunayen jikoki. Ya jero su, har da wanda ya fasa masa tabarau. Na ce to me ya sa ya ɓoye mini.

“Da na faɗa, da kin kulle ƙofa,” in ji shi. “Tun aurenmu uwarku take tsare ni daga iskar nan, Allah ya jiƙanta. Ke kuma kina dafa ni a bene kamar wake.”

Da muka dawo mun tarar da mutane a gindin beni. Hamdiya ya sulale daga bencinsa, an kai shi asibiti. Likita ya ce zafi ne. Matarsa har yanzu cewa take wani ne ya bar ƙofar matakala a buɗe. Ki sa shi a addu'a, bai farfaɗo ba tukuna.

Ban san abin da promaya ke yi wa mutum ba, ba zan ce Mama ta yi ƙarya ba. Abin da na gani na rubuta. Babo ba zai je Graz ba. Gobe tare za mu tafi lungu.

Yayarki,
Shefika

Graz

Yaya,

Na mayar da tikitin. Ga ƙyalle na ba direba. Ki ɗaura masa a wuya, ke ma ki rufe kunnuwanki. Kuma ki ci gaba da sa ido a kan Nazifa.

Zumreta