Waƙar Niƙan Inna a Ajin Lissafi

Zuwa ga Yaya Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, da Malam da yara. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, na yi ƙarya, kuma duk Suleja ba ni da wanda zan faɗa wa. Makon jiya aka tura mu bita kan yadda malami zai shigar da zane da waƙa cikin darasi. Mai horar da mu ta ce kowa ya ɗora lissafin sau bakwai a kan wata waƙar gidansu. Na miƙe na ce ban san ko ɗaya ba. Malama Ladi, abokiyar aikina 'yar Diko, ta zungure ni ta ce, "Haba Hajiya, ke da bakinki ke motsi tun ɗazu?"

Gaskiyarta. Waƙar niƙan Inna ce a bakina. Kin san alkawarin da na ɗaukar wa Allah a Arfa, cewa na bar waƙa. Amma wata uku ina fama da yaran ajina a kan sau bakwai, ga jarrabawa ta matso. Na yi ta tambayar kaina: tsoron Allah ne ya rufe mini baki, ko don babu mai yi mini amshi tun tafiyarki?

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe mini da Gwaggo. Ki kuma tambayar mini Malam hukuncin kaffara. Ranar Litinin na rera wa yaran ajina sau bakwai da waƙar Inna, suka amsa gaba ɗaya, kuma gobe ma zan rera. Ban cika alkawarin ba.

Ƙanwarki,
Sa'adatu